Addu'o'i Masu Tauraro Ɗaya

Babana ya rasu ranar Laraba, ranar kasuwar Nima, unguwarmu a Accra, shi ya sa motar ɗaukar gawa ba ta samu hanyar shigowa layinmu ba. A kafaɗa aka fitar da shi har bakin titi, ana ratsa masu tumatir da masu albasa. Ni ina tsaye a ƙofar shago da zare a hannuna. Ban yi kuka ba. Mata suna kallona suna jira, ni ma ina jira, bai zo ba.

Sunansa Imoro, tela ne. Shagon ɗaki ne guda a gaban gidanmu na gado, yana kallon hanyar da ta gangara Maamobi. Keke biyu ne a ciki, na ɗinki da na aikin wuyan riga. Baba yana bakin ƙofa yana hira da duk wanda ya wuce, ni ina ciki a kan keke tun ina shekara goma sha uku, lokacin da na bar makaranta. Yanzu ina da ashirin da uku. Da idonsa ya fara rauni, yankan ma ya dawo hannuna. Shi dai yana karɓar yadi, yana awo, yana sa mutane dariya.

Fauziya ce ta sa mu a waya, shekara biyu kafin rasuwar. 'Yar maƙwabtanmu ce, ta yi karatu mai zurfi, kuma aikinta ke nan. Tana buɗe wa masu shaguna shafi a taswirar waya, yadda in mutum ya rubuta abin da yake nema, shagonsu zai fito masa har da hanyar zuwa. Tana yi wa masu kayan mota na Abossey Okai da wasu masu yadi a New Town. A kwamfutarta akwai wani abu da ke nuna kalmomin da mutane suka fi rubutawa in suna neman tela.

“Ba mai rubuta babbar riga sai mu,” ta ce wa Baba. “Su kaftan suke rubutawa, ko agbada.”

Ta zuba waɗannan kalmomi a bayanin shagon. Ta ɗauki hoton wuyan riguna da safe a hasken ƙofa. Baba ya ce shi ba za a ɗauke shi ba, sannan ya shiga gida ya sako hularsa ta Juma'a ya zauna.

A ƙarƙashin shafin akwai wurin da wanda ya ɗinka kaya zai rubuta yadda ya ga aikin, ya danna taurari daga ɗaya zuwa biyar. Duk baƙon da ya karɓi kayansa, Baba zai ce masa, “To, a danna mana taurarin nan.” Bai san aikinsu ba, ya dai san biyar ne mai kyau. Mutum ashirin da biyu suka danna, duka biyar. Aka kai lokacin da in ka nemi mai ɗinkin kaftan a Accra, mu ne na biyu. Mutane suka riƙa zuwa daga Madina, daga Tema, har waɗanda ba Musulmi ba, masu son kaftan na biki. Fiye da rabin aikinmu ta wayar yake shigowa.

Da aka fara zaman makoki, 'yan uwa da abokan Baba suka yi ta bugowa daga Ashaiman, daga Kasoa, har daga Kumasi, suna tambayar gidan. Gidajen Nima ba a kwatanta su da lamba. Sai an ce ka wuce masallaci kaza, ka bi bayan mai waakye, wato shinkafa da wake, ka tsallake kwata. Baffa Seidu, wan Baba, ya gaji da kwatance, sai wani ya ce ai shagon yana kan taswira. Aka tura shafin a rukunin Wasap na dangi da na masallaci. Kowa ya bi shi ya zo har ƙofa. Ranar an yi ta sa wa Fauziya albarka.

Bayan addu'ar bakwai, da aka kwance rumfa aka kwashe kujerun roba, Baffa ya kira ni tsakar gida. Shi ne babba a gidan yanzu.

“Sherifa, zauna.”

Na durƙusa nesa da tabarmarsa.

“Jamiu mai gyaran waya ya yi mini maganar ɗakin nan. Ban amsa masa ba. Amma ɗaki a bakin hanya ba a barinsa a rufe. Na san kina ɗan taɓa ɗinki.”

Na ce e.

“Mazan unguwar nan ba za su kawo wa mace rigarsu ba. Kin sani, na sani. Ki buɗe har arba'in. In na ga aiki yana shiga, shi ke nan. In ban gani ba, keken ya koma ɗakin uwarki, makulli ya tafi hannun Jamiu.”

Na ce to. Mma, uwata, tana ɗaki tana takaba, ta ji komai ta taga.

Baffa bai yi ƙarya ba. Mutanen unguwa da suka bar yadi kafin rasuwar suka riƙa zuwa suna karɓar abinsu ba a yanka ba, suna ba ni haƙuri kamar ni ce na roƙe su. Ban damu ba, na sa rai ga waya. Da can ba ta wuni ba ta yi ƙara sau uku ko huɗu ba. Na buɗe shago, na share, na sa wa kekuna mai, na ajiye wayar a kan teburin yanka. Ta yi shiru kwana goma sha ɗaya. Nakan duba ko caji ne ya ƙare. Nakan zauna in ga inuwar ƙofa ta taso daga ƙafar tebur ta kai bango, sai in rufe.

Ranar kwana goma sha tara Fauziya ta shigo da safe, da koko a leda da ƙosai a takarda.

“Hajiya Shiru, gaisuwar ma sai an saya?”

Haka take kirana tun muna yara. Na gaishe ta. Na ce mata ba a kira.

“Ko mutum ɗaya?”

“Ko ɗaya.”

Ta buɗe kwamfutarta a kan teburin, tana cin ƙosai da hannun hagu. Ta nuna mini wani layi, ta ce na masu neman hanyar shagon ne. Layin ya yi tsalle a makon rasuwa, daga nan ya faɗo ya kwanta. Ta rubuta kalmomin da baƙi ke rubutawa, don ta ga inda muke. Sai da ta ja allon ƙasa sau uku kafin sunan Baba ya fito.

“Me kika taɓa?”

“Ban taɓa komai ba.”

Ta buɗe wurin taurari. Ta daina tauna.

Sun koma biyu da rabi. Mutum talatin da huɗu ne suka yi sabon rubutu, duka a mako guda. Ta juyo mini allon, na fara karantawa a hankali, don ba ni da sauri.

Allah ya ji ƙan Malam Imoro, ya sa Aljanna ce makoma.

Mutumin kirki ne, bai taɓa cin yadin kowa ba.

Shi ya ɗinka mini rigar aurena. Allah ya haskaka kabarinsa.

Wasu da Hausa, wasu da Larabci, wasu da Turanci. A kan kowane akwai tauraro ɗaya.

Fauziya ta fashe da dariya, ta toshe baki, ta ce in yafe mata. Sannan ta yi mini bayani. In ka bi taswira ka je wuri, wayar takan tambaye ka yadda ka ga wurin. Su kuma sun ga hoton Baba da hula, ga wurin rubutu a ƙasa, ga mutuwa a ransu.

“Na'urar ba ta san addu'a ba kraa, ko kaɗan,” ta ce. “Abin da ta gani, mutum talatin da huɗu sun zo shagon nan, kowa ya fita da fushi. Baƙo kuma in ya ga biyu da rabi, ba zai tsaya karatu ba. Zai wuce na gaba.”

Na tambaye ta abin yi.

“Hanya biyu ce. Ko kowa ya koma ya gyara nasa da hannunsa, ko ki kai ƙara. A gefen kowane rubutu akwai wurin dannawa, ki ce wannan ba maganar ɗinki ba ce. In sun duba sun yarda, sai su cire.”

“Su cire tauraron?”

“Su cire duka. Ba a raba su.”

“In an buɗe sabon shafi fa?”

“Sabo sai ya yi watanni kafin ya taso. Kwana nawa gare ki?”

“Ashirin da ɗaya.”

Ta ɗaga kafaɗa ta miƙo mini ƙosai.

Addu'ar da ta fi tsawo ta Alhaji Zulkifli ce, kuma ita ce ta farko. Abokin Baba ne tun suna yara, tsohon direban trotro, motar haya, yanzu zamansa a ƙofar masallaci bayan la'asar tare da tsofaffin layin. Na ce a raina in shi ya gyara, sauran za su bi. Washegari na sa mayafi na tafi. Na wuce su na kai bakin kwata, na dawo na wuce su, na sake komawa.

“'Yar Imoro,” ya kira ni. “Sau uku ke nan. Akuya ce ta ɓata?”

Suka yi dariya. Na zo na durƙusa na gaishe su ɗaya-ɗaya. Suka tambayi Mma, suka tambayi haƙuri. Na ce na ga addu'ar da aka yi wa Baba a waya, mun gode.

Fuskar Alhaji ta buɗe. “Kin gani ko? Ni na fara, ni na nuna wa waɗannan. Wannan ko kunna wayarsa bai iya ba.”

“Kai da ka yi ta kiran jikarka ta nemo maka harafi,” in ji Malam Rahim, wanda ke gefensa.

“Na nemi harafi, amma ni na rubuta.” Ya juyo gare ni. “Abin ya ƙi tafiya sai an danna tauraro. Na ce to, mutuwa aka yi, ba suna ba, ba biki ba. In danna biyar a ce ina murna? Da akwai wurin babu, babu zan danna.”

“Ɗana biyar ya sa mini,” in ji wani. “Na ce ya mayar, ba tarbiyya.”

“Ɗaya ya isa,” in ji Malam Rahim. “Allah ma ɗaya ne.”

Suka ce gaskiya ne. Maganar da na zo da ita tana bakina. Alhaji ya ce tunda an ambaci Imoro, a yi masa fatiha. Suka ɗaga hannu, ni ma na ɗaga. Muka shafa. Na yi godiya na tashi.

Fauziya tana jirana a shago.

“Kin faɗa?”

“Sun yi fatiha.”

“Yoo, shi ke nan.”

“Ke ki je mana. Kin iya magana.”

“Ni? In je ƙofar masallaci in ce wa Alhaji Zulkifli ya yi kuskure a gaban tsaransa? Uwata a layin nan take sayar da koko, Hajiya. Kuma rabinsu suna Kumasi da Kasoa, ko an ce su gyara ba su san inda za su koma ba.” Ta ja allon ta tsaya a kan wani rubutu. “Baffanki ma ga nasa nan.”

Na duba. Allah ya gafarta wa ƙanena. Tauraro ɗaya.

Na yi kwana biyu ban taɓa shafin ba. A rana ta uku, bayan azahar, na jawo littafin awo na juya bayansa, na ce bari in kwafe addu'o'in tukuna. Na kwafe uku da rabi. Hannuna ba ya sauri, na Larabcin kuma ban iya ba. Na ajiye biro.

Na ɗauki wayar na fara daga ƙasa. In danna gefen rubutu, in zaɓi layin da Fauziya ta nuna mini, in tura. Duk wanda na tura, wayar sai ta ce ta gode. Wani na san mai shi, wani ban sani ba. Akwai na wata mata daga Ashaiman da ta rubuta amin kawai, sau bakwai. Na tura. Na kai kan na Baffa na tura. Na Alhaji yana can sama, na karanta shi har ƙarshe. Ya ambaci ranar da suka je bakin teku suna yara, Baba ya ɓatar da takalminsa, suka dawo kowa da ƙafa ɗaya. Ban san wannan labarin ba. Na tura.

Da na gama an kira la'asar. Ƙafata ta yi sanyi saboda zama. Na shiga gida na yi salla, na ci ragowar shinkafa. Mma ta tambaye ni ko an zo, na ce a'a.

A cikin mako suka riƙa ɓacewa, yau uku, gobe biyar. Guda biyar suka ƙi fita, ban san dalili ba. Taurarin suka koma huɗu da ɗan wani abu. Fauziya ta ɗauki sababbin hotuna na wuyan riga, ta rubuta cewa shago yana buɗe, aiki yana tafiya. Ta ce a sauke hoton Baba daga gaba, kar wani mai ta'aziyya da ya makara ya gani ya sake. Na ce ta sauke. Ta sa wuyan wata farar riga a wurin. Kullum da safe takan leƙo ta duba matsayinmu, ta ce na tara, ta ce na shida.

Ranar kwana talatin da ɗaya wayar ta yi ƙara. Wani mutum ne daga Tema, ƙaninsa zai yi aure, suna son kaftan shida iri ɗaya. Ya zo da yamma da yadi a jaka. Ya tsaya a ƙofa yana dube-dube, ya tambaye ni da yaren Twi ina mai shagon. Na ce ya rasu. Ya tambayi wa ke ɗinki. Na ce ni. Ya zo ya duba aikin da ke kan keke, ya shafa shi da yatsa. Na ce masa ni ba na awon maza, kowa ya aiko da rigar da ta yi masa daidai, da ita zan auna. Ya ce wannan ma ya fi sauƙi, ba sai ya tattaro su ba. Ya ajiye jakar.

Bayansa aka sake kira sau biyu. Na koma kan keke daga safe zuwa magariba. Baffa yakan wuce ta ƙofa in zai je masallaci, ya kalli abin da ke rataye, ya wuce.

Arba'in ta faɗo ranar Lahadi. Ranar Alhamis kafin ita, da hantsi, na ji sallama.

“Salamu alaikum, masu shago.”

Alhaji Zulkifli ne. Ya shigo ya zauna a kujerar Baba. Tun rasuwar ba wanda ya zauna a kai. Na tashi daga keke na durƙusa na gaishe shi, na kawo masa ruwa.

“Ɗiyata, wani abu ya faru. Ɗana ya zo daga Kumasi jiya, na ce bari in nuna masa addu'ar da na yi wa ubanki. Na nema na rasa. Na je wurin Rahim, tasa ma babu. Ta Seidu babu. Hoton ma babu.” Ya girgiza kai. “Abin waya ba shi da amana. Ba komai, kar ki sa a ranki. Na yi wa liman magana. Gobe bayan Juma'a zai sanar, kowa ya sake rubutawa kafin Lahadi. Wannan karon har waɗanda ba su yi ba da farko. Masallaci cike, sai dai wayar ta gaji.” Ya zaro wayarsa daga aljihu ya miƙo mini. “Ke fara rubuta mini tawa, idona ba ya so yau. Rubuta, Allah ya ji ƙan abokina.”

Na karɓa. Gilashin wayar ya tsage a gefe. Na buɗe shafin, na rubuta Allah ya ji ƙan. Kaftan huɗu suna rataye a bayansa, biyu suna kan tebur ba a sa musu hannu ba. Masallacin Juma'armu yana ɗaukar mutum ɗari uku ko fiye.

“Kin rubuta?”

“Baba Alhaji, ba wayar ba ce.”

“Me kika ce? Ɗaga murya, ke kullum kamar mai magana da tukunya.”

“Ba wayar ba ce. Ni ce na sa aka cire.”

Ya dube ni. Na dubi ƙasa na ci gaba, don na san in na tsaya ba zan iya sake farawa ba. Na faɗa masa abin da taurari ke nufi a wurin. Na ce ɗaya na nufin aiki ya ɓaci, tela ya ci amana. Na ce baƙi sun daina kira. Na faɗa masa sharaɗin Baffa da maganar Jamiu. Maganar ba ta fito a jere ba, amma ta fito.

A waje wata mai lemu tana ciniki da wani.

“Wato mun zagi Imoro ke nan.”

“Ba ku sani ba ne.”

“Ranar da kika zo ƙofar masallaci, kin sani?”

“Na sani.”

“Me ya hana ki faɗa?”

“Na zo in faɗa.”

“Kika ɗaga hannu kika shafa fatiha tare da mu.”

“E.”

“Sannan kika dawo kika share.”

“E.”

“Da kin faɗa, da na bi su gida-gida. Har Kasoa sai in je, ba ni da aikin yi. Biyar ɗin nan mene ne? Da mun danna goma in akwai.” Ya tsaya. “Shekara hamsin da wani abu ina tare da ubanki. Ban iya rubutun boko da kyau ba. Daga azahar har la'asar na yi a kan abin nan.”

Ban ce masa ni ma tsawon lokacin nan na ɗauka ina cirewa ba.

Ya miƙo hannu na ba shi wayar. Ya nemi wurin gogewa da babban yatsansa, ya goge abin da na rubuta harafi-harafi. Ya mayar da ita aljihu. Da zai fita ya kama gefen kaftan ɗaya ya juya cikinsa, ya kalli ɗinkin, ya sake shi. Bai sha ruwan ba.

Ranar Juma'a ban kunna keke ba. Lasifikar masallacin tana kaiwa har cikin shagon. Na zauna na ji huɗuba, na ji salla, na ji an fara sanarwa. Aka ce za a ɗaura aure a Maamobi. Aka ce an tsinci makullin babur. Aka ce jibi Lahadi addu'ar arba'in ta marigayi Malam Imoro tela, a ƙofar gidansu, ƙarfe tara. Lasifikar ta yi ƙara ta mutu. Na jira kaɗan, sannan na sa wa kaftan na biyar hannu.

Ranar Lahadi aka kafa rumfa aka tare hanya. Malamai suka yi karatu, aka raba goro da masa da shinkafa. Da aka tashi na bi layin dattawa ina gaisuwa. Malam Rahim ya amsa yana kallon carbinsa. Da na zo kan Alhaji Zulkifli na durƙusa na ce ina kwana, an gode da zuwa.

“Lafiya,” ya ce. “Allah ya ba da haƙuri.”

Haka ya ce wa matar da ke bayana ma, wadda bai sani ba.

Da yamma, da mutane suka watse, Baffa ya kira ni tsakar gida.

“Zulkifli ya same ni. Tawa ma kin share.”

“E, Baffa.”

“Ƙanena ne. Uwa ɗaya, uba ɗaya. Ni na wanke shi.”

Na kalli tabarma. Akwai ƙwayar shinkafa a gefenta, tururuwa biyu suna ja.

“Da na ji, na yi niyyar ba Jamiu ɗakin, ko da aiki ko babu. Zulkifli ne ya hana. Ya ce a bar miki, zuciyar kasuwa gare ki.”

Ya zaro makulli na biyu, wanda ke wurinsa tun rasuwar, ya ajiye a ƙasa tsakanina da shi. Bai miƙo mini a hannu ba. Na ɗauka, na ce na gode. Ya ce in tafi.

Na shiga ɗakin Mma. Tana zaune a inda take zama tun ranar Larabar nan, ƙafafu a miƙe. Na faɗa mata an bar mini ɗakin. Ta ce ta ji. Na tambaye ta, in an ce mutum zuciyar kasuwa gare shi, yabo ne ko mene ne.

“Kwanukan mutane suna waje,” ta ce. “Gobe za su fara aiko a karɓa.”

Na fita bakin famfo. Kwanukan da aka aro don addu'a sun cika baho biyu. Kowace mace da alamarta a gindin kwanonta, wata jan farce, wata ɗigon fenti, wata ta ƙarce shi da ƙusa. Fauziya ta zo ta tsuguna tana ɗauraya, tana ba ni labarin wani mai kayan mota da ke son ta sa shagonsa ya fito gaban na wansa. Ta ce ta duba ɗazu, mun koma na huɗu. Na ce to.

Muka gama na ware su gida-gida. Na kai na gidan Malam Rahim, wata jikarsa ta karɓa a ƙofa. Na kai na sauran. Na gidan Alhaji Zulkifli guda shida ne, masu shuɗin fenti. Na jera su na ɗaure a tsumma, na tsaya da su a hannu a bakin ƙofarmu. Gidan ba nisa, ana hango shi daga nan.

“Kawo,” in ji Fauziya.

Na ba ta, ta kai.